Idan numfashin bisa ya toshe a wuya: yaushe ake huda maƙogwaro?



Daminar da ta wuce, wajen tsakiyar watan Agusta, wani dattijo daga wani ƙauye da ke bayan madatsar ruwan Ibohamane ya kira ni a salula bayan la'asar. Jakinsa ne ya dawo daga kiwo bakinsa da hancinsa sun kumbura. Da na isa, tun ban sauka daga babur ba nake jin ƙarar numfashinsa, kamar ana jan zarto cikin ɗanyen itace. Jakin na tsaye ya miƙe wuya, ƙafafun gaba a ware, gumi ya jiƙa shi sharkaf. A leɓensa na sama akwai ƴan huji biyu da ke tsattsafo da jini. Maciji ne ya sare shi yana cin ciyawa. Da na ɗaga leɓen, dadashin ya fara komawa shuɗi-shuɗi.

Na fiddo aska da wuƙar aiki na fara aske gashin wuyansa, sai dattijon ya riƙe mini hannu ya ce, "Ɗana, me za ka yi? Jaki ne fa, ba rago ba." Na ce, "Baba, ba yanka zan yi ba, ƙofa zan buɗe wa iska." Ya sake ni, amma ya kau da kai. Da na tsaga tsakanin zobba biyu na maƙogwaron, iska ta shiga da ƙara, fuuu, jakin ya yi ajiyar zuciya irin ta mutum.

Wannan aikin a makarantar Kollo da Faransanci muka koyi sunansa, tarakewotomi. Ni dai hudar maƙogwaro nake ce masa. Darasin yau ba don ku koyi yin sa da hannunku ba ne. So nake ku gane abubuwan da ke kawo bisa ga wannan hali, ku san wanda huda ke ceto, da wanda ba ta yi masa komai, da kuma wanda taɓa shi da wuƙa ma haɗari ne ga mutum.

Hanya biyu ne a wuya

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin fiɗa ya ga su. Ta gaba, mai zobban guringuntsi, ita ce hanyar iska zuwa huhu. Ta bayanta, mai laushi, ita ce hanyar abinci. Daga ƙofar hanci zuwa farkon wannan bututu mai zobba, shi muke kira hanyar iska ta sama. A nan akwai wurare masu ƙunci, musamman ƙululun maƙogwaro inda murya ke fita. Huda tana amfani ne kawai in toshewar tana sama da inda za a huda, kuma huhun kansa lafiya lau yake. Kamar a ce ƙorama ta cinye hanya, sai mota ta ratse ta ƙasa ta sake hawa kwalta.

Masu noman albasa sun san abin da zan faɗa. In aka taka tiyon ban-ruwa ya matse, injin sai ya yi ta gurnani ruwa kuwa kaɗan ke fita. In faɗin hanyar iska ya ragu da rabi, wahalar jan numfashi ba ninki biyu take ƙaruwa ba, tana iya kaiwa ninki 16. Kuma da bisa ta ji ta shaƙe sai ta firgita, ta ƙara ja da ƙarfi, jan kuma ya ƙara kumbura wurin. Shi ya sa dabbar da ka bari da hantsi tana ɗan minshari, kafin azahar ka tarar da ita ƙasa.

Abu ɗaya nake so kowa ya riƙe game da doki da jaki: ba sa numfashi ta baki. Halittarsu ke nan. Saniya, tunkiya ko akuya in hanci ya toshe za su buɗe baki su ɗan samu sauƙi. Jaki kuwa in ƙofofin hancinsa biyu suka rufe, ko da maƙogwaronsa lafiya yake, shaƙewa zai yi ya mutu.

Yadda za ka gane a sama ne ko a huhu

Ka tsaya gefe, ka yi shiru, ka saurara. In toshewa a sama take, ƙarar tana fita ne lokacin jan iska ciki: minshari, ko fito, ko kakari, kuma in ka kara kunne a wuya ta fi ƙarfi nan bisa ga ƙirji. Za ka ga fata tana lotsawa tsakanin haƙarƙari duk lokacin da ta ja. In kuwa ciwon huhu ne, nishi za ka ji wajen fitar da iska, ga tari mai zafi, saniyar ba ta son tafiya, ta rame a hankali. Wannan ko an huda maƙogwaro sau goma ba abin da zai canza, domin iskar na isa, huhun ne ya kasa karɓa.

Babbar saniya mai lafiya da ke hutawa a inuwa tana numfashi kamar sau 10 zuwa 30 a minti ɗaya, doki kuwa sau 8 zuwa 16. Amma kada ka tsaya ƙidaya in ka ga dadashi ko harshe ya yi shuɗi, ko bisa tana tangaɗi. A lokacin mintoci ne suka rage.

Saran maciji da harbin zuma

Da damina, a ƙasarmu ta Adar mai duwatsu da kwaruruka, wannan ne ya fi kawo mini kira kan jakuna da dawaki. Bisa na kiwo da baki a ƙasa, don haka a fuska ake saranta. Dafin kasa yana kumbura nama ƙwarai da sauri. Na kububuwa kuma, ban da kumburi, yana hana jini daskarewa, shi ya sa in na yi zaton ita ce nakan yi taka-tsantsan, don yankan da zan yi ma zai yi ta zuba. In kun ga macijin, ku gaya mini kamanninsa. Ba sai kun bi shi cikin rami ba.

Ga wani abu da mai jaki zai iya yi da kansa kafin in iso, kuma sau da yawa yana hana a kai ga wuƙa. Ka yanko tiyo mai tsabta guda biyu, kowane kamar santimita 12 zuwa 15, ka goge bakin kada ya yi kaifi, ka shafa man gyaɗa, ka zura a hankali cikin kowace ƙofar hanci ta bin ƙasanta, ka ɗaure ƙarshen da zare a ragama don kada ya shige. Amma tun kumburi bai rufe ƙofar ba ake yi. In ta riga ta rufe, kada ka tura da ƙarfi. Kada a tsaga wurin saran, kada a yi masa lalas.

Zuma in ta taru wa bisar da ke ɗaure a turke, haka fuska da maƙogwaro ke kumbura. Akwai kuma dabbar da jikinta ke ƙin wata allura: ƴan mintoci bayan an yi mata sai idanu da leɓɓa su kumbura, numfashi ya yi nauyi. Waɗannan akwai allurar da ke sauke kumburin in an yi da wuri, huda sai in ta ƙi. Shi ya sa nake roƙon a tsaya da garke kamar rabin awa bayan allura, kada a kora daji nan take.

Wanda mu da kanmu muke jawowa

A nan zan ɗan daɗe, don shi ne ya fi ba ni takaici. Ɗura. Ana sayen ƙwayar maganin tsutsa a kasuwa, a kama sa a danne, a tura masa ita da tsinken kara ko sanda har can ciki. Ko a cika kwalba da jiƙo ko kanwa, a ɗaga kan bisa sama, a cusa bakin kwalbar. Bangon maƙoshi ta baya fata ce mai taushi, ba ta fi ta cikin kuncinka kauri ba. Kara ya huda ta, ba ka gani ba, jini ma bai fito ba. Sai abinci da yawu su riƙa shiga hujin. Bayan kwana biyu zuwa biyar, wuya ya kumbura a bayan muƙamuƙi, bakin na wari, bisa na dalala, ba ta haɗiya, ƙurji ya danne hanyar iska. Mai shi kuma sai ya ce maganin ne ba shi da kyau, ko kuma baki aka yi wa sansa.

Na taɓa huda wa wani rago na turke maƙogwaro saura mako uku Sallar Layya saboda wannan. Matar da ta kiwata shi wata shida ta yi tana ba shi dusa da harawa da kuɗin adashinta. Ya rayu, amma ya zube, kuma saboda alluran da aka yi masa ba a iya sayar da shi a kan lokaci ba. Ɗanta ne ya tura masa ƙwaya da kara, da kyakkyawar niyya.

In za a ba da ƙwaya, a daka ta a dama da ruwa kaɗan, a ba da ta gefen baki a hankali, kai a miƙe daidai ba a ɗage sama ba, a bar bisa ta haɗiye da kanta. In ta yi tari, a dakata. Kada a riƙe harshe waje lokacin ɗura, don ba ta iya haɗiya haka, ruwan sai ya bi hanyar iska.

Igiya ma tana cikin wannan sahu. Zarge a wuyan maraƙi ko jaki, ya firgita ya fizga, zobban maƙogwaro su murƙushe ko wurin ya kumbura. Ɗaurin da ba ya zamewa, ko ɗauri a ƙafa, ya raba ka da wannan.

Ciwuttukan da ke kama maƙogwaro

A maruƙa, daga kamar wata uku zuwa shekara ɗaya da rabi, akwai wata ƙwayar cuta da ke ruɓar da ƙululun maƙogwaro. Maraƙin zai yi zazzaɓi, ya yi tari mai laushi da zafi, in ka taɓa maƙogwaronsa ya zabura, numfashinsa yana wari kamar ruɓaɓɓen nama. Busassun karare masu kaifi da ƙaya da ke ƙarce baki da rani suna buɗe mata hanya. Wannan na cikin waɗanda huda ke yi wa amfani sosai: tana ba wurin hutu, allura ta yi aikinta. Sai dai jinya ce mai tsawo, takan ci makonni.

A dawaki da jakuna akwai ciwon da ke fara da zazzaɓi da majina mai kauri, sai kaluluwa ta fito ƙarƙashin muƙamuƙi da bayan maƙoshi, ta cika da mugunya. Yawanci takan nuna ta fashe, dabbar ta warke. A wasu kuwa kaluluwar ciki ce ke girma har ta shaƙe su. Yana yaɗuwa ta majina, ta kwatarnin ban-ruwa da ragama, kuma yakan bayyana kwana 3 zuwa 14 bayan haɗuwa. Jakunan amalanke da ake tarawa wuri ɗaya ranar kasuwa, a Tamaske ko Keita, suna sha a mazubi ɗaya, nan ake kwasowa. Sabon doki ko jaki, a ware shi mako biyu zuwa uku kafin a haɗa.

Tumaki da awaki ma suna yin ƙurji mai mugunya kamar cuku a gindin kunne da wuya, shanu kuma tarin fuka yakan kumbura musu kaluluwar bayan maƙoshi a hankali, wata da watanni suna minshari. Saniyar da ta kai haka ba jinya take buƙata ba, a gaya wa ma'aikatar kiwo, kuma a daina shan nononta ɗanye.

Masu raƙuma, ku kuma ga naku. Jan abin nan kamar balan-balan da amale ke fitarwa ta gefen baki lokacin ɗari in yana barbara, wani yanki ne na ganɗarsa. Wajen faɗa da wani amalen, ko da haƙoransa, yakan ji masa ciwo. Sai ya kumbura ya ƙi komawa, ko ya maƙale ciki ya cika da abinci ya toshe maƙoshi. Amalen ya daina ci da sha, ya miƙe wuya. Magani shi ne a yanke abin, kuma wani lokaci sai an huda maƙogwaro tukuna kafin a iya aikin. Kada a jira kwana uku ana shafa mai.

Matsattsaku kuma daga ruwan tabki yake shiga, ya manne a hanci ko maƙoshi, ya sha jini ya ƙoshi. Alamarsa jini kaɗan-kaɗan daga hanci ko baki ba tare da zazzaɓi ba. Ruwan gishiri mai kauri yakan sa ya saki. Da wuya ya kai ga huda.

Uku da ke kama da toshewa, amma ba a huda musu

Na farko ciwon nan na farkon damina da ke kumbura wa shanu maƙogwaro har zuwa ƙirji, kumburi mai zafi, da zazzaɓin da ke haura digiri 40 zuwa 41, da dalala. Mu muna ce masa fasterelos. Gaskiya ne kumburin yana shaƙewa, amma ba shi kaɗai ke kisa ba, cutar ta riga ta bi jini. Saniya kan mutu cikin awa 8 zuwa 24 da fara nuna alama. Ni a ganina, huda a nan wahalar da dabba ce kawai. Abin da ke ceto shi ne allura tun zazzaɓi na farko, a auna sauran garken a yi wa duk mai zafin jiki, sannan rigakafi kafin ruwa ya sauka, don shanun da suka fito daga rani a rame su ne ya fi kayarwa. Rigakafin kyauta da gwamnati ke yi kowace shekara ya fi tsayawa kan ciwon huhun shanu, da annobar awaki da tumaki, da fasterelos na raƙuma. Na shanu, da na ciwon saifa, ƙungiya ta nemi likitan bisashe mai zaman kansa na yankinta ko ma'aikatar kiwo tun watan Mayu ta tambayi yadda za a samu. Ana haɗa irin waɗannan allurai a LABOCEL, a Yamai.

Na biyu ciwon saifa. A doki da jaki yakan kumbura wuya da ƙirji, a shanu kuma sau da yawa sai dai a tarar da mushe, baƙin jini da ba ya daskarewa na fita ta hanci da dubura. Wannan ba a huda, ba a yanka, ba a feɗewa. Jinin na kama mutum, kuma in ya zuba ƙasa ƙwayar cutar na zama shekaru da yawa a wurin. Na san nauyin abin: mutum na ganin dukiyarsa za ta zama mushe, hannunsa sai ya kai ga wuƙa. Amma in bisa ta faɗi farat ɗaya da irin wannan jini, asarar nama ta fi sauƙi bisa ga jinyar gida guda.

Na uku haukan kare. Saniyar da ta kamu tana dalala, tana kuka da wata irin murya, ta kasa haɗiya, kamar wadda ƙashi ya maƙale mata. Sai mai ita ya naɗe hannun riga ya zura hannu cikin bakinta. Kada ka yi. Ka tuna ko kare ko dila ya cije ta makonnin baya, ka ɗaure ta ita kaɗai, ka kira mu.

Akwai kuma maƙalewar abinci: albasa, dankali, ƙwallon mangwaro ko na goruba ya tsaya a hanyar abinci. Nan iska na wucewa, gyatsa ce ba ta fita, sai ciki ya kumbura ta hagu ya danne huhu. Wannan cikin ake hudawa, ba wuya ba. Kuma ba a tura sanda.

Kafin likita ya iso, da bayan ya tafi

A kwance duk abin da ke wuya. A kai bisa inuwa in tana kusa, in da nisa a kawo mata inuwar. Kada a kora ta, kada a kayar da ita, kada a ɗura mata komai, ko ruwa. A rage taron mutane da yara. In ka kira ni, gaya mini abu huɗu: wace dabba ce, yaushe ta fara, ko an ɗura mata wani abu ko an yi mata allura kwanan nan, ko akwai wata a garken da ta yi haka. Da wannan nake sanin abin da zan ɗauko, don komawa Keita neman kayan aiki da damina, ƙorama cike da ruwa, ba ƙaramin abu ba ne.

Aikin kansa a tsaye ake yi in da hali. Ana aske tsakiyar wuya ta gaba, wajen da kashi ɗaya cikin uku na sama ya ƙare, inda zobba suka fi kusa da fata. A yi allurar kashe zafi, a tsaga fata a tsaye, a raba nama, sannan a yanka a kwance tsakanin zobba biyu, kada ya kai rabin kewayen bututun, a zura bututun ƙarfe ko na roba a ɗaure a wuya. Dalilin da ya sa nake hana ku gwadawa: dama da hagu na wannan wuri manyan jijiyoyin jini ne, waɗanda mahauci ke nema. Kaucewar yatsa biyu, a jikin dabbar da ke fizge-fizge, ta mai da ceto yanka. Allurar kwantar da dabba ma ba kasafai nake yi ba kafin iska ta samu hanya, don tana saki naman maƙoshi ya ƙara rufewa.

Sauran aikin na mai bisa ne, kuma nan ake yawan faɗuwa. Iskar da ke bin bututu ba ta bi ta hanci ba, ba a tace ta ba, don haka majina na bushewa ta toshe shi. Safe da yamma sai an cire an wanke da tafasasshen ruwa da ya huce, an goge bakin ciwon, an shafa maganin ƙuda a kewaye ba a ciki ba. Abinci a ƙasa, a yayyafa wa dusa ruwa saboda ƙura. Kada a bar ta ta shiga tabki. In ka ji ƙarar ta dawo da dare, bututun ne ya toshe ko ya fita, duba shi nan take. Ga ƙungiyoyin da ke da akwatin magani, ku sa bututu biyu a ciki, babba da ƙarami, da ma'aunin zafi. In mai taimakon kiwo na ƙauyenku ya san inda suke, rabin tafiyata ta ragu.

Ba a cire bututu don an gaji. Nakan toshe bakinsa da yatsa in ga ko bisa na numfashi ta hanci ba ƙara, sannan in cire. Hujin ba a ɗinkewa, da kansa yake cikowa cikin mako biyu zuwa uku. Jakin dattijon nan kwana huɗu ya yi da nasa, na ce kada a sa masa amalanke sai bayan wata guda, don igiyar wuya na bi ta kusa da tabon. Bayan kwana ashirin na gamu da su a hanyar kasuwa, jakin na jan buhu uku na gero, amma an naɗe masa wuya da tsohon zane.